Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Komai Nisan Jifa

Makon jiya na tsaya a inda aka kwaso mu daga Fatakwal zuwa Maiduguri. Wani ya tambaya ko na taɓa tuƙa jirgin yaƙin da nake gyarawa da kaina. Ban taɓa ba. Shekara ashirin da ɗoriya na yi a ƙarƙashinsa da sifana a hannu, kuma da wannan Kawu ya yi mini gori ran sunan 'yata ta biyu, a gaban surukaina: "Ai soja ne, amma na wankin jirgi." Aka yi dariya. Ni ma na yi, don ba a mayar wa babba magana, amma har yau tana nan a maƙoshina.

Rundunarmu ta jiragen yaƙi masu saukar ungulu ce, mazauninta Fatakwal. A lokacin runduna ta 97 ake kiranta, daga baya ta koma ta 115. Mi-35 muke riƙe da su, ƙirar Rasha, waɗanda suka shigo ƙasar nan wajen 2000. Injinsa biyu, fukafukinsa na sama biyar, maharbi a gaba, matuƙi a bayansa ya ɗan ɗara shi tsayi, ciki kuma yana ɗaukar soja takwas. A kudu tsatsa muke yaƙa. Da muka zo Borno sai ƙura. In hunturu ya kama, jirgi ya sauka ya tada guguwar da matuƙi ba ya ganin ƙasa, rairayi ya bi bakin fukafuki yana ci kamar an goga sanfefa. Da asuba nakan bi su ɗaya bayan ɗaya da tocila, ina shafawa da tafin hannu, don hannu yakan ji abin da ido ya tsallake.

Ranar da na kawo wa Baba takardar ɗaukata aiki, ko karɓa bai yi ba. Cewa ya yi, "Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo." Inna ta ce, "Haba Malam, baki za ka yi masa?" Ya ce ba baki ba ne. Bai ƙara ko kalma ba, ya ɗauki butarsa.

Maganar ta dawo mini daren Litinin, 2 ga Disamba 2013, da 'yan Boko Haram suka afka wa sansanin sojan sama na Maiduguri kafin asuba. Jiragen ba a sama suka same su ba, a ajiye suke. Masu saukar ungulu biyu suka lalace, da wasu jirage uku da dama an daina aiki da su. Gari ya waye da dokar hana fita, warin roba da mai ya cika ko'ina. Na tsaya gaban ɗayan, wanda jiya-jiya na ɗaure masa ƙusoshi, na ga takalmina ƙafa ɗaya but ne, ɗaya silifa. Wani oga ya zo yana tambayar ina littafin gyara, kamar littafin ne zai tashi. Ogan nan ne dai ya hana ni hutu lokacin jinyar Baba. Na iso gida an riga an yi sadakar uku. Na yafe masa, ko in ce ina ƙoƙari.

Shekarun da suka biyo baya sun cakuɗe mini. An sa wa yaƙin suna Lafiya Dole a 2015, sabbin Mi-35M suka zo, na koyi nasu gyaran da furfura a gemuna. Sai daren 2 ga Janairu 2019, da ɗaya ya faɗi a Damasak yana kai wa bataliya ta 145 ɗauki, mutum biyar a ciki, babu wanda ya tsira. Ba ni na duba shi ba. Duk da haka na kwana ina ƙirga ƙusoshi a kaina, da muryar Baba a kunnena.

Kawu ya kira ni kwana biyu bayan nan. Ya ce ya ji a BBC, ko ina ciki? Na ce a'a Kawu, mai wanki ai ba ya hawa. Ya yi shiru, ya tambayi yara.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma baya kan auren Yaya, don na tsallake shi.