Zane a gefen takarda ba lalaci ba ne

Malamai da yawa in sun ga ɗalibi yana zana dagi a gefen littafi, sai su ɗauka hankalinsa ya tafi yawo. Ba kullum ba. A 2009 Jackie Andrade ta Jami'ar Plymouth a Ingila ta sa mutum 40 suka saurari wani saƙon waya mai gundura. Rabinsu suna cike ƴan siffofi da fensir, kuma su ne suka fi tuna abin da aka faɗa, da kashi 29 cikin ɗari. Hannu ya samu ɗan aiki, zuciya ta kasa sulalewa.

Amma zanen da ya fi amfani shi ne wanda ya ɗauki ma'anar darasin. Ga tarihin Kano. Usman, Abdullahi Maje Karofi da Bello duk ƴaƴan Ibrahim Dabo ne, sun yi sarauta a jere. A rubuta a layi, sunaye ne kawai. A sa Dabo a sama, a sauko da rassa uku, Tukur ƙarƙashin Bello, Yusuf da Alu ƙarƙashin Abdullahi, nan take ido ya ga gidaje biyun da suka gwabza basasar da ta ɓarke a 1893.

Kayan aiki ba su da yawa: farar takarda marar layi, a kwantar da ita a kwance, da biro biyu, baƙi na bayani, ja na alaƙa. Akwati, da'ira, kibiya da ɗan mutum mai ƙafar tsinke sun wadatar. Kowane zane kada ya wuce daƙiƙa goma. Laccar Jami'ar Bayero ta Kano ba ta jiran mai zayyana, kana gyara rawanin sarki malam ya wuce shafi biyu.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne kibiya marar kalma. Bayan sati uku ka buɗe, ka rasa ko "ya haifi" kake nufi ko "ya gaji". Rubuta kalma ɗaya a kanta. Sai kuma cika takarda maƙil. Bar kashi ɗaya cikin uku fili, don malami yakan dawo baya.

Aya, sashen doka da ma'anar da za a tambaya kalma da kalma, waɗannan a rubuta su cif. A daren nan kuma a rufe littafi, a sake zanen da ka, sannan a gwada da na asali. Reshen da ya ɓace, shi za a fara karantawa gobe.