Na je neman Prague, na tarar da Praha

Wallahi saura ƙiris jirgin ƙasan nan mai zuwa babban birnin ƙasar Czech ya tafi ya bar mu a Berlin, kuma ba komai ya jawo ba sai suna. Ni dai tun ina yaro abin da kunnena ya sani shi ne Prague, daga labaran rediyo da kuma gidan kallon ƙwallo, su Sparta Prague da Slavia Prague, garin su Rosicky na Arsenal. To na tsaya gaban allon babbar tasha ina ta lalube daga sama har ƙasa babu Prague babu alamarta, ɗan yayata da ke karatu a Jamus wanda shi ne ɗan rakiyar tawa ya tafi sayo ruwa ya bar ni da jakunkuna biyu, na tari wata ma'aikaciya na nuna mata tikiti a waya ta ce "Prag?" ta nuna min ƙasa da yatsa ta wuce abinta. Na sake duba tikitin, abin da ke jiki Praha hl.n., wato babbar tashar Praha. Sunaye uku kenan kafin in karya kumallo.

Yaron ya dawo ya same ni ina gumi cikin sanyi. "Kawu ai duk gari ɗaya ne, sauka za mu yi, yi sauri." Haka muka gangara da gudu, ni da babbar riga a ƙarƙashin jaket.

Tafiyar awa huɗu ce da ɗan wani abu. Har Dresden babu abin a zo a gani, gonaki ne da daji, amma daga nan sai jirgin ya bi gefen kogin Elbe yana ratsa tsakanin wasu duwatsu tsaye cak kamar an yanka su da wuƙa, ƙananan gidaje a gindinsu. Muna tsallaka iyaka muka tsaya Děčín, kogin ma ya canja suna, yanzu Labe ne. Wata dattijuwa ta shigo ta zauna kusa da mu da jakar saƙa, tana ɗan jin Jamusanci sai hira ta ɓarke tsakaninta da yaron, yana fassara min. Ta tambaya ko daga Drážďany muka taso, ashe Dresden take nufi. 'Yarta kuma tana aure a Vídeň, wato Vienna, wadda masu ita suke kira Wien. Copenhagen a bakinsu Kodaň ce, Roma kuma Řím, wannan harafin mai ƙaho a ka na gwada shi sau biyar tsohuwar tana dariya har da share ido, r ce da j a haɗe lokaci ɗaya, harshena ya ce bai san zancen ba.

Sai na daina jin haushi, don mu ma haka muke. Wa ya taɓa jin Bahaushe ya ce zai je Niamey? Yamai ce. Zinder Damagaram ce, Legas tsofaffinmu Ikko suka sani, ƙasar da Bature ke cewa Egypt mu Masar muka gada. Abin da na lura, sai garin da kakanninka suka yi hulɗa da shi tun da can kake da naka sunan da kake kiransa, wanda ba ku saba ba sai dai ka ari na wani.

Da muka sauka abin ya ƙara rikicewa, don su kansu masu garin ba su bar sunan ya huta ba. In za ka garin do Prahy ne, in kana cikinsa v Praze, fadar da ke kan tudu kuma Pražský hrad. Wutsiyar kalmar ce ke juyawa gwargwadon aikinta a jimla. Na ce wa yaron wannan ai gari ne mai riguna da yawa.

Washegari da sassafe muka hau gadar Charles kafin 'yan yawon buɗe ido su cika ta, don da rana ko wurin sa ƙafa babu. An fara gininta a 1357 zamanin Sarki Charles na huɗu, shi ne kuma ya kafa jami'ar garin a 1348. Na jingina da dutsen gadar, sanyinsa har cikin hannun jaket, ƙasa kogin Vltava na zubowa ta kan wani dogon shinge da ya ratsa shi a karkace, ƙararsa kamar ruwan sama a kan kwano. A nan yaron ya ba ni labarin sunan. Práh a yarensu dokin ƙofa ne. Tatsuniyarsu ta ce wata gimbiya Libuše ce ta aika a je daji za a tarar da mutum yana sassaƙa dokin ƙofar gidansa, a nan za a kafa gari. Masana kuma da yawa sun fi karkata ga kogin, wai tudun da ke cikin ruwa inda ake tsallakawa shi ne dokin ƙofar. Ni dai ina kallon ruwan nan na fi yarda da na biyun, amma na gimbiyar ya fi daɗin ji.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar g da h. Asalin sunan Praga ne, sai ɗaruruwan shekaru da suka wuce g ta yaren Czech ta rikiɗe ta koma h, su suka wuce gaba da Praha, maƙwabta kuma suka riƙe abin da suka fara ji, Jamusawa Prag, 'yan Poland da Rasha da Italiya Praga, Faransawa Prague wanda Ingilishi ya kwafa har ya iso gidan kallonmu. Kenan mu baƙi tsohon sunan muke riƙe da shi ba mu sani ba. Wani matafiyi daga Andalus, Ibrahim ibn Yaqub, ya zo garin wajen shekarar 965 ya rubuta da Larabci cewa da dutse da farar ƙasa aka gina shi, kuma tunda Larabci ba shi da p sai ya sa f a farkon sunan. Irin tamu sak, mu da muka mai da Pakistan Fakistan.

Da yamma bayan mun tsaya cikin cunkoso mun kalli shahararren tsohon agogon dandalin garin, wanda aka kafa a 1410, ya buga, 'yan gumakansa suka leƙo ta taga na 'yan daƙiƙu shikenan, ni ban ga abin tsayuwar ba gaskiya, na kira Hajiyata a WhatsApp.

"Kana ina yanzu?"

"Praha, Hajiya."

"Faraha? To madalla, Allah ya sa mutanen masu fara'a ne. Akwai abincin da za ka iya ci dai ko?"

Na ce mata dankali da kifi nake ta fama da su, naman nan sai an yi tambaya. Ta ce in ba ta jikanta su gaisa.