Abin da darasin fassarar Nassi ya koya mini game da ikon Littafi Mai Tsarki

A makarantar horar da masu wa'azi, darasin da ya fi sauya mini tunani shi ne na fassarar Nassi. Malaminmu yana da ƙa'ida guda wadda ba ya sassautawa: ba ya barin ɗalibi ya yi wa'azi a kan wata aya sai ya karanta dukan surar, ya faɗi wanda ya rubuta ta, da waɗanda aka rubuta wa, da halin da suke ciki. Dalilinsa shi ne, duk mai bi yakan ce Littafi Mai Tsarki hurarre ne daga Allah, kamar yadda 2 Timoti 3:16 ta koyar, amma kaɗan ne suke barinsa ya faɗi abin da bai yi musu daɗi ba.

Misalin da ya fi zauna mini shi ne Irmiya 29:11, ayar da ake yawan karanta wa masu neman aiki ko aure a matsayin alkawarin buɗi nan kusa. Gaskiya ne ayar tana maganar nufin alheri da Allah yake da shi ga mutanensa, sai dai tana cikin wasiƙar da annabin ya aika wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila, kuma ayar da ta gabace ta tana cewa sai shekara 70 sun cika kafin a komo da su. Ya ma umarce su su gina gidaje, su yi shuka, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su bauta. Wanda ya tsinke ayar daga wannan mahalli ya sayar wa jama'a gaggawa a inda Allah ya bukaci haƙuri, kuma a ganina ikon da yake magana da shi a wannan lokacin, nasa ne, ba na Nassi ba. Ko Iblis ma, sa'ad da yake gwada Yesu a Matiyu 4, ya jawo Zabura 91, Yesu kuwa ya amsa masa daga Maimaitawar Shari'a.

Yana da kyau a tuna cewa lambobin surori da na ayoyi da muke dogara da su daga baya suka zo. An rarraba surori a ƙarni na 13, ayoyin Sabon Alkawari kuwa sai a 1551 aka sa musu lamba. Bulus wasiƙu ya rubuta, aka kuma karanta su ga ikkilisiyoyi daga farko har ƙarshe.

Wannan nauyi bai tsaya a kan fasto kaɗai ba. Ayyukan Manzanni 17:11 ta yabi mutanen Biriya domin kowace rana suna bin Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake, alhali manzo ne. Mu da muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ba da gudummawa mai yawa a cikinsa, ba mu da hujjar karɓar kowace magana don kawai daga bagade ta fito. Shi ya sa a azuzuwan nazari da nake koyarwa yanzu, har da na Zumuntar Mata, nakan sa a karanta surar gaba ɗaya da murya, saboda waɗanda ba su iya karatu ba su ji da kunnensu kafin in fara bayani.