Kayana na zuwa wasa, ni ina gida

Wata 7 ke nan rabona da tsayawa bayan mikisa, wato na'urar daidaita sauti, a wajen wasa. Wanda ya san ni a Tudun Wada zai yi mamaki, don shekara 11 ina ba da hayar kayan sauti, kuma duk inda sifikuna suka kwana nan nake kwana: kamu, dina, wasan Sallah, har ranar da mawaƙi ya zo da makaɗansa daga Kano.

Kunne ne ya zaunar da ni. Dama duk daren da muka tashi daga aiki sai na ji kamar gyare na kuka a cikin kaina, amma kafin asuba ya yi shiru. Bayan wasan babbar Sallah sai ya ƙi tafiya. Kwana uku, kwana biyar. Uwargida ta fara cewa, "Baban Abba, sai na kira ka sau uku kake waiwayowa." Ban ɗauka da zafi ba, sai ranar da makirfo ya fara fito ana tsakiyar waƙa, babban yarona ya miƙo hannu ta kafaɗata ya rage. "Oga, ba ka ji ba ne?" Wallahi ban ji ba. Ni da nake koya musu.

Na je Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna. Aka sa ni a wani ɗan ɗaki, aka ɗora min abin saurare a kai, aka ce duk ƙarar da na ji na danna. Masu kauri duk na kama su, siraran ne suka riƙa wuce ni, musamman ta hagu, ɓangaren da nake ba sifika. Likita ya yi min lissafin da ban taɓa ji ba duk daɗewata a harkar: ƙarar da ta kai 85 a ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira desibel, kunne na iya ɗaukarta awa 8, duk ƙarin 3 kuma sai lokacin ya ragu da rabi. Idan ta kai 100, minti 15 ne. Mu kuwa awa biyar muke yi a tsaye. Kuma 'yan siraran gashin da ke can cikin kunne, in suka mutu ba sa sake tsirowa.

Ba son ranmu ba ne ƙure sauti. Mawaƙi na so ya ji muryarsa ta danne kalangu, mai kalangu na ɗago maka hannu, mai biki kuma ya zo ya ce kuɗinsa ya biya, yana so a jiyo har Kawo. A fili irin Dandalin Murtala iska na kwashe rabi. A ɗakin taro mai tayil da gilashi kuwa, duk abin da ka saki kanka yake dawowa.

Yanzu da la'asar nake zuwa, wuri ba kowa, na jera kaya, na gwada, na manna farin salatif a jikin mikisa daidai inda ban yarda a wuce ba. Kafin magariba na kama hanya. Na sayo wa yara soson toshe kunne, biyu ne kawai ke sawa.

Akwai asara, ba zan ɓoye ba. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 janareta ke cinye riba, ga shi na ƙara ɗaukar mutum ya maye gurbina. Masu biki biyu sun koma wani wuri, wai mai kaya bai zo da kansa ba. Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne, kewar lokacin nan ce da kiɗa ke ɗaukar zafi, guɗa ta tashi, a fara liƙi.

Daren Asabar yaron da ke kan mikisa ya turo min bidiyo daga wajen dina a Barnawa. Na rage muryar wayar, na kalla sau biyu. Sauti ya fita tas. A na biyun ne na lura yatsansa ya haura salatif ɗin. Da safe za mu yi magana.