Ni da dillalan filaye a Damagaram

Sana'ata sayen parsel, wato filin gini da aka yanka, da tsofaffin gidaje, in gyara ko in gina, in sayar ko in zuba 'yan haya. Ƙaramar harka ce, ni da magina sai yaron da ke bi min takardu a meri, wato ma'aikatar magajin gari. Ana yawan tambayata yaya nake jin labarin fili tun bai fita kasuwa ba, to ba wani asiri, dillalai ne.

A nan Zinder yawancinsu ba su da buro, kana samunsu gindin bedi wurin mai shayi, ko bisa moto suna zagaya Karkada da Garin Malam, kuma wallahi sun san wanda bashi ya matsa, sun san wanda zai aurar da ɗiya ko yake haɗa kuɗin Makka. Wannan labarin ba kowa suke ba wa ba. Ni dai ranar da aka ce an sallama ranar nake ƙirga wa dillali la'adarsa, ba je ka dawo gobe, in ma cinikin ya watse ina ba shi jika biyu na esans tunda ya sha rana saboda ni, suna ko ta'aziyya a gidansa ina zuwa. Shi ya sa in wuri mai kyau ya faɗo ni ake fara bugo wa.

Amma fa zumunci bai hana ciniki. Sau da yawa tsakaninka da mai fili akwai dillalai uku ko huɗu kowa ya ɗora nasa. Dillali zai ce "Alhaji, mai wurin miliyan huɗu ya yanke", sai in ce "To Malam, kai ni mu gaisa da shi, haƙƙinka yana nan ba mai taɓa shi." In ya amince da kai zai kai ka, in ya fara kame-kame ka san akwai ƙari a ciki. Kuma ban taɓa zagayewa ta bayansa in sayi wurin da ya nuna min ba, garin ƙarami ne, kafin la'asar labari ya kai Kasuwar Dole.

Wurin tayi ba na kushe fili haka kawai, abin da ido ya gani nake faɗa. Garinmu kan dutse yake, akwai parsel ɗin da haƙa fondasiyo da ramin salga kaɗai zai cinye kuɗin ɗaki guda. Sai ruwa, matsalar da kowane ɗan Damagaram ya sani: tiyo ya iso layin ko sai 'yan garuwa? In da hali da damina nake zuwa dubawa, in ga inda ruwa ke kwanciya. Tun da aka buɗe jami'a, ga matatar man fetur ta SORAZ a 2011, masu filaye sun buɗe ido, don haka tayin wulaƙanci albarka kawai zai jawo maka.

Takarda kam ko dillalin ɗan uwana ne da kaina nake bi. Akt de sesiyo, wato takardar mallakar fili, a kai meri a duba lambar ilo (rukunin filayen) da ta parsel, sunan ya dace da katin mai sayarwa, a je a ga born, wato alamun iyakar fili, a ƙasa. Gidan gado a Birni ko Zango shi ya fi wuya, sai magada duk sun hallara har matan da ke aure a Kano ko Maraɗi sun turo yardarsu, mai unguwa da shaidu suna zaune, sannan nake fiddo ko dala.