Kaya sun fita waje, amma aikin yi ya ƙaru?

Idan aka ce kayan da wata jiha ke fitarwa ƙasashen waje sun ƙaru da kashi kaza cikin ɗari, abin da za a fara tambaya shi ne: kayan ne suka ƙaru, ko farashinsu ne ya hau? Alƙaluman kwastan da dala ake rubuta su. Sai an raba darajar da yawan tan ko ganga ko kwantena kafin a gane gaskiyar lamarin.

Jihar Teksas ta Amurka ta isa misali. Fiye da shekara 20 ke nan tana gaban sauran jihohi wajen fitar da kaya, kuma tun da aka ɗage haramcin sayar da ɗanyen mai a waje a Disambar 2015, tashar jiragen ruwa ta Corpus Christi ta cika da jiragen dakon mai. Babban jirgi guda yana ɗaukar ganga miliyan 2. A kan dala 80 kowace ganga, kayan dala miliyan 160 ke nan suka bar gaɓa, ta bututu da famfo, da mutane ƙalilan suna lura da na'ura. In farashi ya koma dala 100, lissafin jirgin ya zama miliyan 200 ba tare da an ɗauki ko mai gadi ɗaya ba. Ba wai man ba ya ciyar da kowa ba ne. Haƙa rijiya da shimfiɗa bututu suna cin ma'aikata sosai, sai dai yawancinsu aikin lokacin gini ne.

Akwai kuma tarkon inda ake rubuta asalin kaya. A Amurka ana jingina kaya ga jihar da suka fara tafiyar fita daga cikinta. Masara da waken suya da aka noma a Ayowa da Ilinoi, aka zubo su a manyan kwale-kwale ta kogin Misisipi, aka tara a rumbunan bakin teku, sau da yawa a littafin Luwiziyana suke faɗawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Luwiziyana ta samu aikin lodi da ajiya, noman kuwa yana can arewa.

Inda fitar da kaya ke haifar da aiki na dindindin shi ne inda ake sarrafa abu, kuma masu kawo sassa suka tare kusa. A 1994 kamfanin BMW ya fara ƙera motoci a Spartanburg, jihar Karolina ta Kudu. Yau ma'aikatansa a wurin sun kai kimanin 11,000, kuma fiye da rabin motocin waje ake kai su, galibi ta tashar Charleston. Amma abin lura ba ya cikin harabar masana'antar kaɗai. Kujera, bamba da bangon ƙofa kaya ne masu cin wuri, dakonsu daga nesa asara ne, kuma layin haɗa mota yana son kowace kujera ta iso daidai da launi da jerin motar da za a saka mata. Dole mai yin kujera ya kafa tasa masana'antar a tazarar da tirela za ta ci cikin awa ɗaya ko biyu. Daga nan sai masu walda, masu gyaran injin, direbobi da makarantun koyon sana'a su biyo baya. A 2013 aka buɗe tashar tudu a Greer, kusa da masana'antar, inda jirgin ƙasa ke kwasar kwantena cikin dare zuwa bakin teku.

Ko a nan ma sai an yi ragi. Injinan motocin daga Turai ake kawo su, don haka darajar motar da ke takardar kwastan ba duka ba ce aka samar a jihar. Lissafin da ya dace shi ne a cire kuɗin sassan da aka shigo da su. Abin da ya saura shi ke biyan albashi da haraji.

Sai haɗarin dogaro da kaya iri ɗaya ko mai saye ɗaya. A Yulin 2018 ƙasar Sin ta ƙara harajin kashi 25 a kan waken suyan Amurka, masu saye suka karkata Barazil, wake ya yi kwantai a rumbunan Dakota ta Arewa, wadda jiragen ƙasanta suka saba kai shi gaɓar yamma don kasuwar Sin. Jihar Washinton kuma, wadda jiragen saman kamfanin Boeing ne ƙashin bayan abin da take fitarwa, ta ji jiki bayan an dakatar da tashin jirgin kamfanin samfurin 737 MAX a Maris 2019. A Janairun 2020 aka tsayar da layin haɗa shi a Renton, kuma ƙananan kamfanonin da ke yanka masa ƙarfe da haɗa wayoyi, waɗanda ba su da wani abokin ciniki, su ne oda ta fara yanke wa.