Abin da allurar Sin ta yi wa ciwon gaɓɓaina

Amosanin gaɓɓan da nake fama da shi ba irin na tsufa ba ne. Nawa shi ne wanda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa gaɓɓai, yatsun hannu biyu su kumbura lokaci guda, da asuba su sandare sama da awa ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da shi, kusan kashi 70 cikin ɗari mata. Ni 'yar kasuwa ce, ina saro yadi da takalma daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin, kuma an yi lokacin da ko ɗaurin ɗankwali sai 'yata ta yi mini.

Likitana ya ɗora ni a kan ƙwayar maganin cutar mai suna methotrexate, sau ɗaya a mako, haɗe da folic acid. Kumburi ya sauka, amma zogi bai sake ni ba, musamman da hunturu. A wata tafiyar sari ce abokiyar kasuwancina ta raka ni asibitin maganin gargajiyar Sin.

Likitar ta duba harshena, ta dafa jijiyar wuyan hannuna, ta sa tafinta ya karanta mata sunayen magungunan da nake sha. Sannan ta ɓare allurai a gabana, sirara kamar gashi, babu ruwan magani a cikinsu. Ta soka tsakanin babban yatsa da manuniya, wurin da suke kira Hegu, ta soka ƙasan gwiwa, wato Zusanli, da wasu wurare a dantse. Ba zafin allurar asibiti ba ne. Wani nauyi ne da tsami ke ratsa wurin idan ta murza allurar. Aka bar ni kwance kamar minti ashirin zuwa talatin. Masu tambayata ko irin ƙaho ne, a'a, ba a fitar da jini.

Zaman farko ban ji komai ba sai kasala. Da aka ci gaba, na fara barci ba tare da zogi ya tashe ni ba, ina iya riƙe buta in yi alwala da kaina. Wanda bai taɓa rasa wannan ba ba zai san girmansa ba. Sai dai sauƙin na kwanaki ne, kuma da na dawo gida aka auna jinina, ma'aunin kumburi na CRP yana nan inda yake. Sinawa na cewa allurar na buɗe hanyoyin ƙarfin jiki ne. Likitocin zamani na ganin tana sa jiki ya saki sinadaransa na kashe zafi. Ko wanne ne, ta rage mini ciwo, ba ta tsayar da cutar ba. A 2022 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta amince a gwada ta a matsayin ƙari kan magani, amincewa mai sharaɗi saboda hujjar ba ta da ƙarfi. Motsa jiki a kai a kai shi suka fi ƙarfafawa.

Abin da ke ci mini rai shi ne wata baiwar Allah da muke sari tare. Ta ji daɗin allurar, ta ajiye ƙwayoyinta. Yanzu yatsunta sun karkace, kuma gaɓar da cutar ta cinye ba ta komawa.

Har yau ina zuwa idan na samu ƙwararre, da sanin likitana. Ba na yarda da allurar da ba a ɓare ta a gabana ba, domin methotrexate na raunana garkuwar jiki, ga ciwon hanta da ake ɗauka ta allura. Ba na bari a soka gaɓar da ta kumbura tana zafi. Ranar shan ƙwaya kuwa, ko ina Kano ko ina Guangzhou, ba na tsallake ta.